Hoda a Kan Inji

Sati uku ke nan motar Baba Direba tana zubar da baƙin mai a tsakar gidan ɗansa, kuma sati uku ke nan ba wanda ya gaishe shi a gidan bai haɗa da zancen mai ba.

Motar ta haura shekara arba'in. Koriya ce, mai bamba na ƙarfen gaske da siririn sitiyari mai faɗi, giyarta ma a jikin sitiyarin take. Shekara ashirin da biyu ya yi yana jan shugaban kamfaninsu a cikinta. Ranar da ya ajiye aiki aka miƙa masa makullinta aka ce ya tafi da abarsa, don ba mai iyawa da ita sai shi. Da matarsa ta rasu, babban ɗansa, wanda kowa ke kira Manaja, ya matsa masa sai ya dawo gidansa. Ya dawo, aka ba shi ɗakin da ke kusa da get. Ci da sha da magani, ba abin da ya nema ya rasa. Amma mutumin da ya saba fita tun yana saurayi, in aka ce sai ya jira an sami sukunin kai shi wurin aski, ai an gama da shi da ransa. Motar nan ita ce ƙafarsa. Da ita yake zuwa duba abokansa da suka rage, da ita yake zuwa karɓo maganin hawan jini, ba ya tambayar kowa, ba ya jiran kowa.

Tun da can takan ɗiga mai, ɗigo ɗaya, bai fi maɓallin riga ba, a duk inda ta kwana. Sai kwatsam ɗigo ya zama kududdufi. Daɓen gidan kuwa farin dutse ne da Manaja ya shimfiɗa bara, matarsa Maman Biyu ba ta son ko sawun takalmi a kansa. Aka kira Dogo, bakaniken da ke duba motocin gidan. Ya leƙa ƙarƙashi, bai ko ƙazantar da gwiwar wandonsa ba, ya miƙe ya ce sil ɗin bayan inji, abin da ke tare mai kada ya fita, shi ne ya tafi, sai an sauke inji, kayan irin wannan mota kuwa an daina yin su tun kafin a haife shi.

Ranar Juma'a da safe Manaja ya tsaya a ƙofar ɗakin uban, makullin motarsa a hannu, yana duba agogo.

"Baba, gobe da ƙarfe biyu mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ya ɗauke ta."

Tsohon yana shan shayi. Bai ajiye kofin ba. "Ya ɗauke wa?"

"Baba, kun ji abin da Dogo ya ce."

"Na ji. Na kuma ga inda ya tsaya ya faɗe shi. Daga tsaye ya ga bayan inji? Idonsa a tafin ƙafa yake?"

"Sana'arsa ce fa."

"Sana'arsa sauya kaya. A kawo masa sabo a kwali ya cire tsoho ya sa. Wannan ko matarka za ta iya in an nuna mata."

Manaja ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya riga ya yanke shawara. "Duk inda za ku je direbana zai kai ku. Mai ya ɓata gida, yara suna takawa suna shiga da shi falo. In ta daina zuba, wallahi ba ruwana da ita. Amma ba za ta daina ba."

"Maimaita."

"Na ce in ta daina zuba ba ruwana da ita."

"To, ka faɗa da bakinka. Tafi aikinka, kada ka makara."

Get na rufuwa ya cire babbar rigarsa ya rataye a ƙusa, ya jawo akwatin sifanunsa daga ƙarƙashin gado. Gwiwarsa ta yi ƙara, ya ce mata ta yi shiru, ba da ita ake ba.

Abin da 'yan yanzu ba su sani ba, kuma ba sa son a gaya musu, shi ne inda mai ya ɗiga ba nan ya fito ba. Mai gangarawa yake yi, iskar fanka kuma tana kora shi baya. Sai ya fito daga can sama ta gaba, ya bi jikin inji yana lallaɓawa, ya je ya ɗiga ta baya, wanda bai sani ba ya kama wurin da ba shi da laifi. Inji mai datti kuwa ba ya faɗin gaskiya. Sai an wanke shi tukuna.

Ya zuba kananzir a tsohon gwangwani, ya samo buroshin fenti da tsumma, ya buɗe bonet ya tokare shi da sanda. Tun daga murfin sama ya fara, yana bin kowane lungu, yana kankare daskararren man shekaru da bakin sukuddireba. Ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashi, kananzir yana gangaro masa ta hannu har hamata. Rana ta take, ta karkata. Sau biyu Maman Biyu ta aiko masa da abinci, sau biyu ya ce a rufe a ajiye. Da yamma Manaja ya dawo ya tarar da ƙafafun ubansa sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Ya tsaya jim, ya shige ciki. Injin ya fito fes, har launin fentinsa na asali ya bayyana, shuɗi ne ashe, Baba Direba da kansa ya manta. Ya bar bonet a buɗe don ya kwana yana bushewa.

Washegari da hantsi ya tsaya a ƙofar kicin ya yi gyaran murya. Bai taɓa zuwa nan ba tun da ya dawo gidan.

"'Yar nan, kina da hoda?"

Maman Biyu ta fito tana gyara ɗankwali, ta rusuna. "Hoda, Baba? Zafi ne ya fito muku?"

"Ba ni ba. Mota."

Ta so ta yi dariya, ta danne. Ta shiga ta ɗauko gwangwanin hodar tagwayenta, fara sol mai ƙamshi, ta miƙa masa da hannu biyu. Maimakon ta koma, sai ta biyo shi daga nesa, ta tsaya a inuwar baranda wai tana tsince shinkafa.

Ya barbaɗe injin da hoda tun daga sama har ƙasa, gaba da baya, yana busawa da baki don ta shiga lunguna. Inji ya koma fari fat, tsakar gida ta ɗauki ƙamshin jarirai. Ya shimfiɗa sabon kwali a ƙasa, ya shiga ya taka totur sau biyu, ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta kama. Ya bar ta tana sulo, ya fito ya sunkuya a kan injin. Duk inda mai ya tsattsafo, farar hoda za ta yi baƙi a wurin, ba ta da yadda za ta ɓoye.

Sai dai a nan ne abin da ba ya son faɗa wa kowa ya tare shi. Idonsa na ganin hanya, yana ganin mota tun daga nesa, amma abu na kusa kuma siriri ya daina yi masa biyayya. Ya matsa, ya ja baya, ya goge tabarau da gefen singileti. Fari kawai yake gani. Ya daɗe a haka, inji yana ɗaukar zafi, kafin ya juya wajen baranda.

"'Yar nan. Ajiye shinkafar nan ki zo ki ara mini ido."

Ta zo ta tsaya a ɗaya gefen, tana kame gyalenta kada fanka ta kama.

"Daga sama za ki fara. Kada ki dubi ƙasa, ƙasa maƙaryaciya ce. Ina kika ga baƙi?"

"Ga wani nan, Baba, a bakin wannan dogon murfin. Siriri kamar zare."

"Madalla. Shi ke nan, gasket ɗin da ke liƙe bakin murfi ne, aikin rabin awa."

"Ga wani kuma a nan, inda wannan sandar ta shiga."

"Sandar auna mai?"

"Ita. Har ta ɗan ɗago sama ma. Ga kuma wani ta gaba, bayan wannan abin da bel ke juyawa."

Murnar da ta fara zuwa masa ta koma. Wuri uku a lokaci guda. Ya dafa gefen mota yana tunani. Gasket ba sa haɗa baki su mutu rana ɗaya. In mai yana neman hanya ta ko'ina, to ba ƙofofin ne suka lalace ba, wani abu ne ke ingiza shi daga ciki. Ya naɗe hannunsa da tsumma ya kwance murfin da ake zuba mai. Kafin ya gama murɗawa murfin ya tunkuɗo hannunsa, wata iska mai zafi ta yi fuu ta fito har da hayaƙi.

"Wayyo!" Maman Biyu ta ja da baya.

"Kin ji ko? Numfashi take nema."

Ya kashe injin, ya ba shi ɗan lokaci ya huce, ya kwanta ya zura hannu ta gefen hagu. Ba ya bukatar ido a nan, hannunsa ya san wurin tun kafin a haifi Manaja. Irin waɗannan tsofaffin injina suna da wani bututu da ke gangarowa daga cikinsu, bakinsa a buɗe yana kallon ƙasa. Ta nan tururin cikin inji ke fita, ta nan kuma ɗigon nan ɗaya ke sauka. Yatsunsa suka bi bututun har ƙarshe. Maimakon rami, sai suka ci karo da kan ƙusa. An cusa ta ciki da guntun roba, an ɗaure da waya tamau. Jiya ma buroshinsa ya bi ta wurin, bai lura ba, don hankalinsa na kan datti.

Ya fito a hankali ya zauna a kan kwali. "Wa ya taɓa motar nan?"

Maman Biyu ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyale.

"Ba faɗa zan yi ba. Tambaya nake."

"Baba, ku yi haƙuri. Ranar da kuka kwana biyu a asibiti ne. Dogo ya zo duba tawa motar, na ce masa ko zai iya tsayar da ɗan ɗigon nan. Ya leƙa ya ce ai wani bututu ne aka bari a buɗe, minti biyar ya toshe shi. Wallahi na ɗauka gyara ne. Da abin ya ƙaru kuma sai na ji tsoron faɗa."

Ya dube ta. Ya so ya yi faɗan duk da alkawarin da ya yi, amma ita ce ta tsaya a rana tana nuna masa zaren mai.

"In tagwayenki suna yoyon hanci, toshe musu hancin kike yi?"

"A'a, Baba."

"Miƙo mini filaya. Mai jan hannu."

Ya yanke wayar, ya yi ta fama da ƙusar har ta fito, wani baƙin mai mai kauri ya biyo ta ya zubo masa a wuya. Ya zura waya ya share cikin bututun. Ya ɗaɗɗaure ƙusoshin murfin sama kaɗan kaɗan, wannan gefe sannan wancan, ba da ƙarfi ba. Ya danna sandar auna mai ta koma mazauninta. Sannan ya goge duk inda ya yi baƙi, ya sake barbaɗa sauran hodar har gwangwanin ya ƙare.

Ƙarfe biyu saura kwata aka ji ƙugin babbar mota a waje. Manaja ya buɗe get, motar jan mota ta kutso da baya ta tsaya ta cika ƙofar. Mai ƙarafa ya diro, wani gajere mai tumbi, yana jan sarƙa. Dogo na biye da shi, an kira shi ya cire batir.

"Sannu da hutawa, Baba," in ji mai ƙarafa. Ya ƙwanƙwasa bamba da ɗan yatsa, fuskarsa ta washe. "Kai! Wannan ƙarfe ne. Na yanzu duk gwangwanin madara ne."

"Ɗauke hannunka."

"Ai yabo nake."

"Mahauci ma yakan yaba. Ɗauke hannunka na ce."

Dogo ya leƙa cikin bonet ya tuntsire da dariya. "Baba, kwalliya aka yi mata? Saura jan baki."

Baba Direba ya matso kusa da shi. Ya zura hannu a aljihu ya ɗauko ƙusar, har da robarta da guntun waya, ya kamo hannun Dogo ya ɗora masa a tafi.

"Ka san wannan?"

Dariyar ta tsaya. Dogo ya dubi ƙusar, ya saci kallon Maman Biyu. "Ai bututu na gani a buɗe yana zubar da mai. Ba motar da ake barin bututu a buɗe."

"Motoci nawa ka sani? Wannan tun kafin a haife ka take numfashi ta nan. Ka toshe ta, ta kumbura, mai ya fashe ta ko'ina, sannan ka dawo ka tsaya daga tsaye ka ce ta mutu. Kai ka shaƙe ta, kai ka kawo mai ɗaukar gawa. Da ka tambaya, da wani abu ya ragu a jikinka?"

"Ban san haka take ba, Baba."

"Wannan ita ce maganar kirki ta farko da na ji daga bakinka."

Manaja ya dubi matarsa, ta kau da kai. Ya ce, "Ko ma mene ne, Baba, magana a kan zubar mai ce."

"Ita muke. Kawo sabon kwali da hannunka, kada ka ce na yi wani abu. Kai kuma mai tumbi, kana da agogo? Duba mana minti ashirin."

Manaja ya yago kwalin ruwan roba ya tura ƙarƙashi da ƙafa. Tsohon ya tayar da mota. Suka tsaya cirko-cirko a rana, mai ƙarafa yana faɗin minti biyar, minti goma, kamar mai gadin jarrabawa. Dogo ya sunkuya a kan injin yana neman baƙi a cikin hoda, ya zagaya ta nan, ya zagaya ta can. Fara take. Da lokaci ya cika aka jawo kwalin. Ɗigo ɗaya ne, daidai ƙarƙashin bututun.

"Ga shi nan, tana zuba," in ji Manaja, amma muryarsa ba ƙarfi.

"Wannan ba zuba ba ne, kai ma ka sani. Da shi aka ƙera ta. Zan ajiye mata faranti, daɓenka ba zai gan shi ba."

Manaja ya share zufa. Sannan ya matso ya rage murya yadda baƙi ba za su ji ba. "Baba, ku bar zancen mai. Idonku ne. Kullum kuka fita hankalina ba ya kwanciya sai kun dawo."

Maganar ta soke shi, don akwai gaskiya a gefenta. Amma bai rage tasa muryar ba.

"To ka faɗi haka tun farko mana, ka daina laɓewa a bayan daɓe. Ka ce mai, na tsayar da mai. In ido ne, ka kai ni wurin likitan ido ranar Litinin. In ya ce na ajiye tuƙi, ni da hannuna zan ba ka makulli, ba sai ka roƙa ba. Amma likita ne zai faɗa. Ba mai sayen ƙarfe a kan sikeli ba."

Yana cikin magana idonsa ya kai ƙasa, can baya, wajen da inji ya haɗu da giya, inda kwalin bai kai ba. Wani ɗan duhu ne a kan farin dutse. Bai gan shi sosai ba, amma ya san ko mene ne. Sati uku na kumburi bai tafi a banza ba, sil ɗin baya ya ji jiki. Dogo bai yi ƙarya duka ba. In Manaja ya waiwaya, magana ta koma sabuwa.

Maman Biyu ta taho kamar za ta ɗauki gwangwanin hoda, ta tsaya a gefen motar, ta zura ƙafa ta ɗora silifas ɗinta a kan ɗigon. Ba ta dubi kowa ba.

"Abban Biyu," ta ce wa mijinta, "ka sallami mutanen nan mana, rana tana dukansu."

Manaja ya dubi uban, ya dubi injin da ke sulo lafiya lau cikin farar hoda. Ya juya wajen mai ƙarafa. "Ka yi haƙuri, mun fasa."

"Haka kawai? Na ƙona mai na zo?"

"Ka ji mai ƙona mai," in ji Baba Direba. Ya sauke bonet ya danna da tafin hannu. Ya shiga ɗaki ya zura babbar rigarsa a kan singiletin da ya yi baƙi, ya fito ya zauna a bayan sitiyari. Irin sil ɗin nan igiya ce ake cusawa, ya kuma san wani tsoho a layin masu kayan injin ban ruwa da ba ya rasa ta. In ya same shi kafin ya rufe shago, gobe zai kwanta a ƙarƙashi ya ga abin da hannu zai iya.

Motar jan mota tana nan ta toshe get, mai ƙarafa yana ta mita yana naɗe sarƙa a hankali da gangan. Baba Direba ya sa giya, ya matso har bambarsa ta kusa taɓa tasu, ya ɗora hannu a kan hon. Tsohon hon ne mai murya biyu, irin wanda ake ji daga layi na uku. Bai ɗaga hannunsa ba sai da suka fice suka ba shi hanya.